Kyandir ɗin Daren Juma'a

Shekara shida na yi ina haya a wani ɗaki a saman bene a Fagge. A ƙasa masu atamfa da shadda, a sama ni da kwamfuta biyu da wata fanka da ba ta juyawa sai an tunkuɗa ta da biro. Sana'ata rubuta manhaja. Duk sanda na faɗa wa mutanen ƙasa haka sai su ce, "To, ai gyaran waya ke nan," su miƙo mini wayar da ta faɗa ruwa. Na gaji da bayani, har na koyi canza gilashin waya don a zauna lafiya.

Mutum ɗaya ce ta san abin da nake yi, wato Madam. Haka duk kasuwa ke kiran ta, ni kuwa Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini ƙanena, tun ina zuwa shagon mahaifinta a Sabon Gari sayen fulogi da wayar wuta. Mahaifin nata daga kudu maso gabas ya zo tun kafin a haife ni, ita kuma a Sabon Gari aka haife ta. In tana ciniki a waya da Hausa, ba mai cewa ba 'yar unguwarmu ba ce. Da ya rasu ta gaji shagon. A gaba kayan wuta take sayarwa, amma abin da ke riƙe da ita shi ne 'yan kasuwar Fagge masu sayo kaya daga waje. Su tura mata naira, ta saya musu dalar kirifto, wato dalar nan da ke yawo a intanet, ta aika wa masu kayan. Ba lauya, ba shaida. Sunanta ne jarinta, ba ta da wani.

Ita ce ta zo mini da aikin. Ta ce tana so duk wanda ta saya wa dala ta ba shi takarda ɗaya mai zanen yadda farashi ya hau ya sauka a wannan makon, da jar alama a daidai lokacin da ta saya, don kowa ya gani da idonsa. Na ce wannan ai ba wuya. Kasuwar intanet ɗin da take saye tana ba da farashinta ga duk mai so, kuma akwai wani abu da muke kira laburare, tarin umarni ne da wasu masana suka rubuta suka bari kyauta, kai dai ka ce masa ɗebo mini farashin kwana bakwai, sai ya ɗebo. Kowace awa ana zana ta da ɗan sanda mai kama da kyandir, haka ma ake kiran sa. Kyandir ɗaya yana nuna farashin da awar ta fara da shi, da inda ya fi hawa, da inda ya fi sauka, da inda ya tsaya.

Sai na ƙara nawa iyayi. Na ga masu karanta takardar nan yawancinsu dattawa ne, sai na mayar da rubutun jikinta Hausa gaba ɗaya. Na cire kwanan wata don kada lambobi su yi musu yawa, na bar sunan rana da lokaci kawai. Ranar da na gama har hoto na ɗauka na tura wa abokai, wai ni ga mai kishin harshe. Wata huɗu takardar tana aiki ba wanda ya ce uffan.

Wata Litinin da hantsi na ji ana hawa benen a hankali. Madam ce. Ba ta taɓa zuwa ba sai ta kira tukuna. Ta zauna a kan kujerar roba, ta ajiye takarda a gabana, ta ajiye wayarta a gefe.

"Ƙanena, duba mini nan."

A takardar, jar alama tana kan kyandir ɗaya, a ƙarƙashinsa an rubuta: Daren Juma'a, ƙarfe takwas. A wayar kuma hoton fuskar wata waya ce, manhajar kasuwar ce a buɗe, agogon sama na nuna takwas da 'yan mintuna. Farashin da ke hoton ya yi ƙasa da na takardata, ba kaɗan ba. In aka lissafa da yawan dalar da ta saya, bambancin ya isa mutum ya canza fuska.

"Wa ya turo?" na tambaya.

"Alhaji."

Ban tambayi wane Alhaji ba. Dattijo ne mai shadda a layin da ke bayan benenmu, asalin iyayensa daga Borno, amma a nan ya yi furfura. Abokin mahaifin Madam ne na shekaru, kuma shi ne ya fara ba ta kuɗi ta saya masa dala, sauran 'yan layin suka bi bayansa. Ta ce ranar Asabar ta aika masa da takardar, bai ce komai ba. Da safen nan ya turo hoton da saƙon murya. Ta kunna mini. Muryarsa a kwance, ba faɗa: "'Yata, wannan shi ne farashin daren Juma'a da na ɗauka da hannuna. Bai yi daidai da takardarki ba. Amma ba komai."

Wanda bai san dattawan kasuwa ba zai ɗauka an wuce wurin. Ni dai da na ji wannan "ba komai" sai na san akwai magana a ƙasa. Madam ta ce kuɗin da ya yi alkawarin turowa a ranar bai turo ba, kuma mutum biyu daga layinsa sun kira sun ce a dakata da nasu.

"Ni na san abin da na saya," ta ce. "Juma'a kuɗinsa suka shigo, ƙarfe takwas na dare na saya, ina rufe shago. Ka gano mini inda abin ya karkace. In Alhaji ya ɗauke ni ɓarauniya, na gama a Fagge."

Na bugi ƙirji na ce ta ba ni zuwa la'asar. Kaico, ina ma ban faɗa ba.

Abin da kowane mai irin aikina zai fara zargi shi ne agogo. Kasuwar tana lissafi da agogon GMT, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Na duba, ai kuwa sai ga kuskure. Na manta ban ƙara awar ba a wuri ɗaya, a layin da ke raba kwanaki. Na yi tsalle na ce na kama ɓarawo, na gyara, na sake zana takardar. Layin ya matsa, kyandir ɗin Juma'a bai ko motsa ba. Na duba na ƙarfe bakwai, na duba na tara, ko ɗaya bai kusanci hoton Alhaji ba. La'asar ta yi, Madam ta kira, na ce gobe.

Talata aka ɗauke wuta tun safe. Injin mai shagon ƙasa ne ke ba mu, shi kuma sai ya ga dama yake tayarwa. Na zauna ina gumi ina bin laburaren layi-layi da batirin da ya rage. Na ce ko kasuwa biyu ce, domin akwai inda ake sayen dalar nan take, akwai kuma inda ake cacar yadda farashinta zai kasance nan gaba, kuma laburaren kan rikita su in ba ka faɗa masa sarai ba. Na duba, daidai na faɗa masa. Na ce ko kyandir ɗin bai gama cika ba aka ɗebo shi, don in ka ɗebo a tsakiyar awa rabin labari za a ba ka. Na sake ɗebowa, bai canza ba. Na sabunta laburaren, sai wasu abubuwa uku da ke aiki lafiya suka lalace, na ɓata yammacin ina mayar da su. Kai, aikin nan akwai cin rai. Mutum ya wuni yana faɗa da abin da ba ya ji, ba ya gani, ba ya ko jin haushi ya rama.

Na rubuta tambaya da Turanci a dandalin masu laburaren, na yi bayani dalla-dalla har da hotuna. Wani daga wata uwa duniya ya amsa mini da layi ɗaya, wai in duba agogo. Na ce sannu da ƙoƙari, Allah ya saka.

Laraba na ajiye laburaren gefe, na tambayi kasuwar kai tsaye, ba ɗan aike. Lambobin da ta ba ni su ne dai na takardata, ko ɗigo bai bambanta ba. Na buɗe manhajar kasuwar a wayata, na ja zanen baya zuwa Juma'a ƙarfe takwas na dare. Shi ma haka. To ke nan takardata ba ta yi ƙarya ba. Hoton Alhaji kuma hoton gaske ne, na ƙara girmansa har ya dushe, ban ga alamar an taɓa shi ba, kuma dattijon da ke kiran mutum ya saka masa kati a waya ba shi ne zai zauna haɗa hoton ƙarya ba.

A nan ne gajiya ta kai ni inda bai kamata ba. Na kwana biyu ban ci abin kirki ba, idona na yaji, bayana na ciwo. Zuciyata ta ce, lokacin da aka saya ai ba manhaja ke sanin sa ba, Madam ce ke rubutawa da hannunta. Idan fa ta saya a wani lokaci da farashi ke ƙasa, ta sa jar alamar inda ya fi tsada? Na kori tunanin, ya dawo. Na sake kora, ya dawo ya zauna.

Na hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari da azahar. Cunkoso ya riƙe mu wajen Kasuwar Singa, manyan motoci na sauke katan-katan na taliya da sabulu, mai adaidaitar na zagin kowa. Na same ta ita kaɗai a shago, tana goge ƙwayayen fitila da tsumma, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce tun safe ba wanda ya kira daga Fagge. Ta ciro mini ruwan leda mai sanyi, ta ce, "Ƙanena, ka rame."

Na sha ruwan. Sannan na buɗe baki na ce, "Yaya, kin tabbata ƙarfe takwas ɗin kika saya? Ba wani lokaci daban ba?"

Ta daina goge fitilar. Ta dube ni, ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauko wayarta, ta buɗe inda kasuwar ke ajiye duk abin da mutum ya saya, ta juyo mini da ita. Ga rana, ga wata, ga lokaci: Juma'a, takwas da minti shida. Da tun Litinin na nemi ganin wannan a matsayin aiki, da ba komai ba ne. Amma ni da ita mun san ba da wannan muryar na tambaya ba.

"Ka gani?" ta ce.

"Na gani."

"To, sauka lafiya."

Na fito ina jin kunya kamar in nutse. Daga bakin ƙofa na juyo na ce mata ta tura wa Alhaji wannan shaidar mana, ta ce ta tura tun ranar Litinin, da Turanci take, bai ko buɗe ba.

Alhamis ban yi aikin komai ba. Na zauna ina kallon kyandirori, kore da ja, kore da ja, har suka fara yi mini rawa a ido. Na rufe kwamfuta kafin magariba na tafi gida, na ce ko me zai faru ya faru, ni dai na gaji.

Inna, mahaifiyata, tana zaune a tabarma a tsakar gida da ƙwaryar gumba a gabanta, tana dunƙulawa. Duk mako haka take yi tun rasuwar mahaifinmu, ta raba wa maƙwabta sadaka. Ko sallamata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Yawwa, gara da ka dawo da wuri. In ka yi sallah ka miƙa mini wannan gidan liman. Ka san yau daren Juma'a ne."

"Inna, yau fa Alhamis."

Ta ɗago ta dube ni kamar na zo da sabon addini. "To da? In rana ta faɗi ba mun shiga daren Juma'a ba? Kai wannan kwamfuta ta cinye maka kai."

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Inna lillahi. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Ban ko zauna ba na ciro waya, na ja zanen baya, na wuce Juma'a, na tsaya a kan Alhamis ƙarfe takwas na dare. Ga farashin hoton Alhaji nan, daidai wa daida. Ranar Alhamis ya tura kuɗinsa, da dare ya duba farashi ya ɗauki hoto. Banki bai saki kuɗin ba sai Juma'a, Madam ta saya Juma'a da daddare, bayan farashi ya hau. Ni kuma, gwanin Hausa, na ɗauko kalmomin Turanci biyu, "Friday night", na juya su yadda suke, manhajata ta buga "Daren Juma'a". A wurin Alhaji, da Inna, da duk wanda ya tashi a gidan Hausa, dare ne ke gaba da yini. Daren Juma'a shi ne daren Alhamis in an wayi gari Juma'a. Wanda Madam ta saya a cikinsa daren Asabar ne. Takardata da kanta ta gaya wa Alhaji cewa Madam ta saya ranar da dala ke araha ta caje shi kuɗin ranar tsada. Wata huɗu ba a kama ba don yawanci da rana take saye.

Madam ba ta da laifin rashin ganewa, a coci ta tashi, Juma'arta daga safe take farawa. Ni fa? Ni da na yi shekara da shekaru ina kai gumbar nan gidan liman duk Alhamis. Sau nawa na saurari saƙon Alhaji yana cewa daren Juma'a, kunnena na ji da Hausa, kaina na lissafi da Turanci. Kwana huɗu ina zargin agogo da laburare da Turawan da suka rubuta shi, har na kai ga zargin matar da ke ce mini ƙanena. Gyaran kuwa bai ɗauki minti biyu ba. Na mayar da shi "Juma'a da daddare", na dawo da kwanan wata.

Da safe na je shagon Alhaji kafin layin ya cika. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye tsohuwar takarda da sabuwa a kan bandir ɗin shadda, na yi bayani tun daga farko. Ya saurara yana jan carbi, ya sa tabarau, ya duba wannan, ya duba waccan.

"Wa ya rubuta Hausar?"

"Ni ne, Alhaji."

"Ba ita ba?"

"Ni ne."

"Kai ɗan ina ne?"

"Nan Fagge, Alhaji."

Ya cire tabaran ya daɗe yana kallo na. "Da Bayarabe ne ko Inyamuri ya rubuta, da na tambaya me yake nufi. Da na ga Hausa ce tsaf, sai na yarda da ita." Sannan ya ce, "Na ci amanar abokina. Na zargi 'yarsa ban kira ta na tambaya ba."

Bai aika kowa ba. Bayan an sauko daga masallaci ya hau adaidaita da kansa, da babbar rigarsa, ya tafi Sabon Gari. An ce ya zauna a bencin ƙofar shagonta fiye da awa guda, inda duk mai wucewa zai gan shi, ya sha lemo, ya yi ta ba ta labarin mahaifinta. Washegari ya bi layinsu shago-shago ya faɗa musu kuskuren rubutu ne. Kafin mako ya zagayo masu cewa a dakata sun dawo, sunanta ya koma inda yake.

Ni sai ranar Litinin na iya zuwa. Na kai mata sabuwar manhajar, na nuna mata gyaran, na ba ta haƙuri a kan rubutun. Ta ce kuskure ne, kowa na yi. Na tattara ƙarfin hali na ce, "Da kuma maganar da na yi ranar Laraba, Yaya."

Tana jera fulogi a kanta, ba ta juyo ba.

"Alhaji takarda ya gani ya zarge ni," ta ce. "Kai me ka gani?"

Na tsaya har wani ya shigo neman soket, na matsa masa.

Har yau tana amfani da manhajar, in ta samu matsala takan kira ni, in je in gyara, ta ba ni ruwa mai sanyi kamar da. Muna gaisawa, muna tambayar iyali. Inna ma tana aika mata da gumba wani lokaci. Sai dai tun daga ranar, duk sanda wayata ta yi ƙara na ga lambarta na ɗauka, abin da nake ji shi ne, "Malam, ina kwana."